"Ɗaki ne na wucin gadi, kar ka ɓata ƙarfe a taga": wannan hujja ce?

Mai_Walda_SabonGari:
Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Ina neman shawarar magina, malamai da waɗanda suka san doka. Wani ɗan kwangila da nake yi wa aiki ya kawo mini ƙofa da taga na wani ɗaki da za a riƙa ajiye waɗanda aka kama kafin a kai su gaban alƙali. Ba zan faɗi wurin ba. Na je na auna: mita 3 da mita 4, ginin bulo, rufin kwano ba silin. Gurbin taga ɗaya ne tak, bai wuce faɗin bulo biyu ba, can sama a bangon yamma. Ƙofar kuma so yake in yi ta da farantin ƙarfe, rufe ruf, ba ko huda. Na ce masa Alhaji, a Damagaram muke fa, in bazara ta kama wa zai iya numfashi a nan? Ya ce ɗaki ne na wucin gadi kafin kuɗin babban gini su fito, kuma wanda aka sa ciki kwana biyu ne ya fita, in daina ɓata masa ƙarfe. Maganar ta tsaya mini a rai. Shin don abu na ɗan lokaci ne sai a yi shi yadda aka ga dama? Kuma in wani ya cutu a ciki, ina da kaso a alhakin?

Dan_Mirya:
Wa alaikumus salam. Yi aikinka ka karɓi kuɗinka, malam. Ba kai ka kama su ba, ba kai ka zana ɗakin ba. In ka ƙi, kafin la'asar ya sami wani mai waldan.

Hajiya_Zango:
Haba Ɗan Mirya. Da ƙanenka ne za a rufe a ciki da haka za ka ce? Bawan Allah ya zo da tambayar da ta nuna zuciyarsa na raye, kai kuma kana so ka kashe masa ita.

Injiniya_Damagaram:
Bari in sa lissafi a maganar. Mita 3 sau mita 4 murabba'in mita 12 ke nan. Ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa, wadda ke ziyartar gidajen kaso a ƙasashe da yawa, ta ba da shawarar murabba'in mita 3.4 ga kowane mutum in ɗakin na tarayya ne, 5.4 kuma in mutum ɗaya ne. Wato ɗakin nan na mutum uku ne. Kowa a nan ya san ba uku za a sa ba.

Sai zafi. Jikin mutum, ko yana zaune ba ya komai, yana fitar da zafin da ya kai wat 100. Ka tara mutum 20, ka sami wat 2,000 a cikin ɗaki rufe, ga kwano a kansu, ga rana ta Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 ko a inuwa. Tagar kuma an sa ta a yamma, inda ranar la'asar ke dukan bango. Taga ɗaya ƙarama ba ta shigo da isasshiyar iska. Iska sai da mashiga da mafita: huda ɗaya ƙasa-ƙasa, wata sama a bangon da ke fuskantarta, zazzafar iska ta tashi ta fita, mai sanyi ta biyo ta ƙasa. In ƙofar ta zama ta sandunan ƙarfe daga rabi zuwa sama, ita ce mashigar. Abin da zan ƙara shi ne, ƙarfen da ake buƙata don wannan bai fi na farantin da Alhajin ke so ba. Don haka maganar kuɗi ba ta taso ba a nan.

Wanda_Ya_Shiga:
Ban cika magana a zauren nan ba, amma wannan ta shafe ni. Na taɓa kwana a irin ɗakin nan, a kan rigimar wani babur da daga baya aka gane ba ni ba ne. Abin da zan gaya wa mai walda shi ne, a can ciki ba wurin da ya kai bakin ƙofa daraja. Akwai 'yar tazara tsakanin ƙofa da daɓe, ba ta wuce yatsa biyu ba, ta nan iska ke shigowa. Waɗanda suka daɗe su ke da wurin, sabon zuwa ana tura shi lungu kusa da bokitin bahaya. Wani dattijo da aka kawo kan bashi numfashinsa ya fara sama-sama cikin dare, muka roƙi na bakin ƙofa suka matsa, aka kwantar da shi da hancinsa a wannan tazarar. Ruwan da aka ba mu na sha da shi muka jiƙa riguna muna ɗora masa a ƙirji. Har yau in na tuna ba mai tsaron nake fara tunawa ba, ƙofar nake tunawa, da wanda ya ƙera ta bai bar mata huda ba. Mai cewa kwana biyu ne, a waje yake ƙirga su.

Hajiya_Zango:
Innalillahi. Allah ya saka maka, ɗana.

Kabukabu_227:
Ku yi haƙuri amma ni ban yarda ba. Sau nawa 'yan pale, wato 'yan daban unguwa, suna tare mu da dare da adduna suna ƙwace babur? Abokin sana'armu har yau hannunsa bai koma daidai ba. Sai yanzu a ce a yi musu ɗaki mai iska? 'Ya'yanmu da ba su yi laifin komai ba suna karatu cikin zana, ɓarawo kuma ana auna masa murabba'in mita. Gidan kaso ba masauki ba ne. In ya ji wuya ba zai sake ba.

Dan_KaraKara:
Ɗan'uwa, Allah ya ba abokinka lafiya, abin da aka yi masa zalunci ne. Amma ni a unguwar da ake yawan nunawa da yatsa na tashi, na ga yaran da suka shiga kan satar waya suka fito sun fi da taurin zuciya. Wuya ba ta gyara su ba. Cakuɗa su da manyan masu laifi a ɗaki ɗaya ita ta ba su sababbin malamai. Kuma ka karanta abin da Wanda_Ya_Shiga ya rubuta, shi me ya sata?

Daliba_Sharia:
Akwai abubuwa biyu da ake cakuɗawa. Ɗakin da mai walda ke magana ba na waɗanda aka yanke wa hukunci ba ne, na tsarewar farko ne. A dokar Nijar wannan tsarewa awa 48 ce, mai gabatar da ƙara na iya ƙara wasu 48 a laifuffuka na yau da kullum. Duk wanda ke ciki doka na ɗaukarsa marar laifi har sai kotu ta ce akasin haka. Ko wanda aka yanke wa hukunci ma, hukuncinsa shi ne raba shi da 'yancin zirga-zirga, ba alƙalin da ya rubuta a hana shi iska.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idoji 122 kan yadda ake riƙe fursunoni a watan Disamba na 2015, ana kiransu Ƙa'idojin Nelson Mandela, don tunawa da shekaru 27 da ya yi a ɗaure. Tushensu wasu ƙa'idoji ne na 1955 da aka sabunta. Ƙa'ida ta 13 ta ce a yi la'akari da yanayin ƙasa, yawan iskar ɗaki, faɗin daɓe, haske da shigar iska. Ta 14 ta ce taga ta kai girman da mutum zai iya karatu da hasken rana, kuma iska ta shigo ta cikinta ko da akwai fanka. Ta 11 ta ce a raba maza da mata, yara da manya, masu jiran shari'a da waɗanda aka ɗaure, wato dai abin da Ɗan Kara-Kara ya taɓo. Ta 23 ta ba kowa aƙalla awa ɗaya a waje kowace rana.

Lauya_Yamai:
Ɗiyata kin yi ƙoƙari, gyara ɗaya zan yi don kar a fahimta ba daidai ba. Waɗannan ƙa'idoji ba yarjejeniya ba ce da ake kai ƙasa kotu kai tsaye a kanta, ma'auni ne da ƙasashe suka yarda a gwada su da shi. Amma mu ba ma buƙatar zuwa nesa don sanin muhimmancin taga. A 1999 fursunoni 29 suka rasu a gidan kason Yamai bayan an cusa su a ƙaramin ɗaki marar iska. A Chadi, watan Afrilu na 2020, an wayi gari da gawar mutum 44 a ɗakin tsarewa a Njamena, kuma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta ɗora abin a kan cunkoso, zafi da ƙishirwa. Duk waɗannan ba wanda aka yanke wa hukuncin mutuwa ta wannan hanyar.

Mushe_Magarya:
Tunda Kabukabu ya kawo maganar azuzuwan zana, ku bar ni in yi magana, don nan ne aikina. Ban ga dalilin da za a ce sai an zaɓi ɗaya tsakanin ɗan makaranta da ɗan kaso ba, ciwon ɗaya ne, kalmar da ake rufe mana baki da ita ma ɗaya ce: na wucin gadi ne. Ajin da nake koyarwa a ciki an kafa shi ne da sunan kafin a gina na siminti. Yaran da na fara koya wa baƙi a wurin wasunsu sun yi aure, ajin yana nan, kowace shekara bayan girbi iyaye su kawo kara da zana da dirkoki a sake ɗaurawa. Hunturu ya zo ƙura ta cika littattafai, ruwan farko ya sauka makaranta ta tashi.

Mun ga ƙarshen wannan sakaci. Afrilu 2021, a unguwar Pays-Bas ta Yamai, gobara ta ci azuzuwan zana, yara wajen 20 suka rasu, akasarinsu 'yan ajin rainon yara. Nuwamba na wannan shekarar a Maraɗi, aƙalla 25, 'yan shekara 5 da 6. Lokacin hukumomi da bakinsu suka ce irin waɗannan azuzuwa sun kai kusan 36,000 a faɗin ƙasa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, ko da zanan ma akwai yadda ake yi. Ana jera azuzuwan manne da juna don a rage dirka da zana, bango ɗaya ya raba aji biyu, ƙofa ɗaya ƙarama ga yara masu yawa. Wuta ta kama ɗaya ta kama duka. A bar tazara tsakaninsu, a yi ƙofa biyu masu faɗi, a nisanta masu tuyar ƙosai da awara daga bakin aji, a ajiye yashi a bokiti. Wannan duk ba ya jiran kasafin kuɗi daga Yamai. Tunani kawai yake so, tunanin kuma ba a yin sa, don an riga an ce abin ba zai daɗe ba.

Uwar_Biyu:
Mushe ka faɗi abin da ke raina. Tun gobarar Maraɗi, duk safiyar da iska ke kaɗawa sai na raka su har bakin aji na duba inda mai shayi ya hura wutarsa.

Dan_Mirya:
To ni ina da tambaya ga masu cewa a kyautata. In kun gyara ajin zana ya yi kyau, ya yi ƙofa biyu, kuna ganin za a taɓa gina muku na siminti? Sai a ce ai kun wadatu. Haka ɗakin nan, in mai walda ya sa masa iska, kuɗin babban ginin ba za su taɓa fitowa ba. Wani lokaci munin abu shi ke sa a gaggauta canza shi.

Mushe_Magarya:
Ɗan Mirya, tambayarka tana da nauyi, na daɗe ina juya ta. Amma munin namu ya kai shekaru nawa, wa ya gaggauta? Kuma wa ke biyan kuɗin wannan dabarar? Yaron da ke zaune a ciki yau. Ba zan bar ƙofa ɗaya don in ja hankalin hukuma ba.

Malam_GarinMalam:
Bismillah. Mai walda ya tambayi alhaki, to ga abin da na sani. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, har ya ambaci wanda zai yanka dabba ya wasa wuƙarsa ya hutar da ita. Dabbar da saura mata ɗan lokaci kaɗan a duniya ke nan, ba a ce tunda ba ta daɗewa a yi mata yadda aka ga dama ba. Kuma mun san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. A Suratul Insan an yabi masu ciyar da miskini da maraya da wanda ke tsare.

Tarihi ma ya nuna magabata sun ɗauki abin da muhimmanci. A zamanin Sayyidina Umar an sayi gidan Safwan ɗan Umayya a Makka da dirhami 4,000 aka mai da shi wurin tsarewa, wato gida ne da mutane ke zama a ciki. Alƙali Abu Yusuf a littafinsa na Kharaj ya shawarci Haruna Rashid da a ciyar da fursunoni daga baitulmali, a ba su tufafin zafi da na sanyi.

Game da kai: wanda ya ba da umarni nauyinsa ya fi, amma kai ka ga aibin da idonka kuma ka san sana'arka. Ka faɗa sau ɗaya, ka sake faɗa, a gaban shaida in da hali, ka kawo masa hanyar da ba za ta ƙara masa kuɗi ba. In ya dage kan abin da kake da rinjayen zaton zai halaka rai, ka bar aikin, arzikinka ba a hannunsa yake ba. Allah shi ne mafi sani.

Mai_Walda_SabonGari:
Allah gafarta malam, na gode. Injiniya, in ka zana mini yadda ƙofar za ta kasance zan kai masa gobe in Allah ya kai mu.

Baba_Magini_Birni:
Yarona ne ke rubuta mini. Ni da ƙasa na yi aiki duk rayuwata, tubali da azara da yaɓe. Ina jin kuna raba gini biyu, na dindindin da na wucin gadi. Mu a wurinmu ginin da ake kula da shi ne da wanda aka yi wa sakaci. Fadar Sarkin Damagaram tun wajen zamanin Sarki Tanimu take, da ƙasa aka yi ta, tana tsaye don ana komawa kanta. Tsohon masallacin Birni da ya haura shekara 170 ruwan daminar 2024 ya kayar da shi muna gani. Soron ƙasa in an gyara indararo, an yi masa yaɓe kafin ruwa, jikanka zai kwana ciki. Ka shiga zauren ƙasa mai kaurin bango da azahar, ka fito ka shiga ɗakin bulo mai kwano, jikinka zai gaya maka. Bangon ƙasa yana shan zafin rana a hankali, sai dare ya sake shi. In ana son ɗaki mai araha da sauri, me ya hana a yi na ƙasa? Har gini ba katako an koya wa magina a ƙasar nan, rufin ƙubba da tubali zalla, ba azara ba kwano.

Tsohon_Gardi:
Baba, da girmamawa, ɗakin tsarewa na ƙasa da cokali ake huda shi. Na yi aikin gadin fursuna har na yi ritaya, bari ku ji ta ɓangarenmu. In mutum ya tsere, mai gadin ne ke shiga matsala, shi ya sa duk wanda ya taɓa aikin yake son ƙofa rufe da taga ƙarama. Ba mugunta ba ce kullum, tsoro ne. Amma zan goyi bayan Injiniya a kan ƙofa mai sanduna, don wani dalili daban: ƙofar da ba ka ganin ciki ita ce mafi haɗari gare mu. Ba ka san ana dukan wani ba, ba ka san wani ya suma ba, ba ka san me ke jiranka in ka buɗe ba. Kuma ɗaki mai zafi shi ke kawo faɗa, dare ɗaya ba ka runtsawa. Abin da zan roƙi mai walda: tazarar sanduna kar ta bar kai ya wuce, walda ta zama a waje, ƙofa ta buɗe zuwa waje don in mutane sun taru a bayanta a iya buɗewa, kar kuma ka bar wani ƙugiya ko ƙarfe mai fitowa a ciki da mutumin da ya yanke ƙauna zai ɗaura wani abu. Daren farko shi ne mafi nauyi ga wanda bai taɓa shiga ba.

Injiniya_Damagaram:
Wannan na ƙarshe ban yi tunaninsa ba sai da ka faɗa, zan sa shi a zanen. Baba Magini kuma maganarsa tana da wurin zama: bango ya tsaya na bulo saboda tsaro, amma a ɗaga kwanon sama da bango a bar iska na ratsawa tsakani, a sa silin a ƙasa. Haka Francis Kéré ɗan Burkina Faso ya yi a makarantar ƙauyensu Gando a 2001, tubalin ƙasa da rufin kwano a ɗage, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker ta masu zanen gini a 2022.

Yar_Tanut:
Ni abin da ya ba ni mamaki tun farkon muhawarar shi ne yadda muka yarda cewa abin da ake tayarwa dole ya zama marar kyau. Ku zo Damargu ku ga bukkar tabarmi ta Abzinawa. Ana kwance ta a ɗora wa raƙumi ko jaki, a sake kafawa a wani wuri, amma ba abin da aka yi wa aiki kamarta. Mata ke saƙa tabarmin da kaba, ana sassaƙa itatuwan, kowane da wurinsa, ana ɗage gefe ɗaya in ana son iska a sauke in guguwa ta taso. Ta mace ce, da ita take zuwa gidan aure. Kakata ta fi kula da bukkarta a kan yadda muke kula da gidan siminti. Bambancin da na gani, ita mai yin ta ita ce mai kwana ciki. Ajin zana da ɗakin kaso kuwa wanda ya zana ba zai taɓa kwana ciki ba.

Dalibin_Zane:
Yaya 'Yar Tanut kin taɓo jijiyar. A duniyar masu zanen gini ana wannan muhawarar sosai. Shigeru Ban ɗan Japan ya yi suna ne da ginin gaggawa, ya yi wa 'yan gudun hijirar Ruwanda matsuguni da bututun takarda, ya gina coci da kwali a Christchurch ta New Zealand bayan girgizar ƙasa ta 2011, kuma har yau ana ibada a ciki. A wuraren da mutane ke kwana jingim a zauren wasanni bayan bala'i, abin da ya fara kawowa labule ne tsakanin iyali da iyali, don sutura. Ku tuna daminar 2024 da aka zuba waɗanda ambaliya ta rusa wa gidaje a makarantu har aka ɗage komawa karatu zuwa ƙarshen Oktoba, mata nawa suka rasa inda za su canza zane?

Sansanin 'yan gudun hijira na Dadaab a Kenya an buɗe shi a 1991 don mutum 90,000 na ɗan lokaci, a 2011 ya kusa rabin miliyan, akwai waɗanda aka haifa a can suka haifi nasu. Namu na Sayam Forage a Difa tun ƙarshen 2014 yake. Don haka duk mai zanen da aka ce masa wata shida ne, ya zana kamar shekara goma.

Ɗaya ɓangaren kuma, akwai masu cewa wani aikin ƙin sa ake yi, ba gyara shi ba. A Disamba 2020 ƙungiyar masu zanen gini ta Amurka ta hana mambobinta zana ɗakin zartar da kisa da ɗakin kaɗaici na dogon lokaci. Ƙa'idojin Mandela ma sun haramta kulle mutum shi kaɗai awa 22 a rana fiye da kwana 15 a jere.

Kabukabu_227:
Duk na ji. Har yanzu ina nan kan cewa makaranta ta riga kaso. Amma maganar dattijon da aka kwantar a bakin ƙofa ta dame ni, ban san har masu bashi ake haɗawa da su ba. A yi musu tagar.

Malamar_Asibiti:
Ƙarin dalili ga Kabukabu, don abin bai tsaya a kansu ba. Tarin fuka ta iska yake yaɗuwa, kuma ba inda yake so kamar ɗaki mai cunkoso, marar rana, marar iska. Ƙazuwa ma cunkoso take so. Wanda ya kwasa a can gida zai koma, ya hau bayan babur ɗinka, ya tsaya sahu ɗaya da kai a masallaci. Masu gadin ma da iyalansu suna ciki.

Mai_Walda_SabonGari:
Na kai wa Alhaji zanen. Ya yarda da ƙofa mai sanduna daga rabi, musamman da na gaya masa maganar Tsohon Gardi cewa mai tsaro zai riƙa ganin ciki. Taga ta biyu ya ce sai ya tambayi masu wurin don fasa bango ne. Silin kuwa ya ce babu shi a takardar kwangila, ba zai sa daga aljihunsa ba. Ban san ko in ci gaba a haka ba.

Lauya_Yamai:
Ka rubuta shawararka a takarda, ka sa kwanan wata, ka ba shi ɗaya ka riƙe ɗaya. Yana kare ka, kuma sau da yawa abin da aka ƙi ji da baki ana sake duba shi in ya zama rubutu.

Dan_Mirya:
Ni ina ganin ya samu rabi ya karɓa. In ya bari yanzu, wanda zai zo farantin zai sa.

Dalibin_Zane:
Ni kuma ina tsoron rabin. Ƙofa mai sanduna ba tare da mafitar iska ba ta fi babu, amma za ta sa kowa ya ce an gyara, a cusa mutum 20 da kwanciyar hankali.

Hajiya_Zango:
Akwai abin da duk ku maza ba ku tambaya ba. In mace aka kama, ina za a sa ta? Ɗakin ɗaya ne. Kuma ƙofar da ake gani ta ciki, ga bokiti a lungu, wace sutura ta rage wa mutum, mace ko namiji? Injiniya, ba a iya yin ɗan gajeren bango a lungun?

Injiniya_Damagaram:
Ana iya yi Hajiya, bango mai tsayin ƙugu ko ƙirji, bulo kaɗan ne, mai gadi yana ganin kai amma ba ya ganin tsiraici. Sai a karkata daɓen zuwa magudana don a iya wankewa. Abin da ba zan ba da shawara ba shi ne masai mai jan ruwa, kun san yadda famfo yake a garin nan, in ruwa ya ɗauke ya fi bokiti muni. Rami a waje da bututun fitar da wari ya fi dacewa, amma wannan yana nufin mai gadi ya riƙa fitar da mutane, Tsohon Gardi ne zai gaya mana ko hakan na yiwuwa da dare. Maganar mata kuwa ba ta da magani a cikin mita 12, sai ɗaki na biyu.

Tsohon_Gardi:
Da rana yana yiwuwa. Da dare in mai gadi ɗaya ne a bakin aiki ba zai buɗe ba, kuma ban ga laifinsa ba. Sai an sa biyu.

Mushe_Magarya:
Injiniya, kafin a watse, tazarar mita nawa kake ganin ya kamata mu bari tsakanin aji da aji? Filinmu ba shi da faɗi sosai, kuma taron iyayen yara na gabatowa, ina so in je musu da zane a hannu kafin a fara kafa dirkokin bana.